Sojojin Ruwan Dogon Dutsi

In na ce wa yaran yanzu na taɓa zama sojan ruwa, sai su dubi juna su sunkuyar da kai, wato tsoho ya fara ruɗewa. To, ku yi dariyarku. Na yi aikin jirgin ruwa a nan Dogon Dutsi, garin da in kana son ganin kogi sai ka ɗaura guzuri, kuma ba a baya na tsaya ba, ni ne mai filafilin gaba a hannun dama. Wanda bai yarda ba ya tambayi kafaɗata, har yau tana yi mini tuni in hadari ya haɗo.

Ga yadda jirgin ya zo mana. Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, wata kamyo, wato babbar motar kaya, ta taso daga Yamai ɗauke da jirgin ruwa na ƙarfe, za ta kai shi can gabas mai nisa inda aka ce akwai babban ruwa. Tana isowa garinmu ta yi tari, ta yi atishawa, ta kwanta. Bakanike ya duba ya ce kaya ne suka yi mata yawa. Aka tara ƙarti aka sauke jirgin a gindin wani gawo, kusa da tabkin da ke bakin gari. Direba ya ce a duba masa shi, zai je ya dawo. Allah ya sa lafiya ce ta riƙe shi, don har yanzu muna sauraronsa.

Kumandanmu a lokacin sabo ne, ɗan ƙasa, wanda ya gaji kujerar Nasara da ɗuminta. Abu biyu yake tsoro a duniya: a ce ya yi kuskure, ko a ce bai yi komai ba. Ya zo ya kewaya jirgin, hannu a baya, kwat a jiki ana tsakiyar bazara, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. Dukiyar gwamnati ce ta faɗo cikin ƙasarsa. In ta yi tsatsa, wuyansa. In ya ce ba shi da abin yi da ita, a ce ba shi da dabara. Sai ya sanar cewa daga ranar garinmu yana da rundunar ruwa, ya sa gardi, wato ɗan sandansa, ya bi gari yana cigiyar wanda ya san jirgi. Ba a wahala ba, don mutum ɗaya ne tak, kawuna, wan mahaifiyata.

Kawu, tun yana saurayi Nasara suka ɗauke shi soja, ƙaddara ta jefa shi bisa jirgin yaƙi a Dakar. Can ya yi ƙuruciyarsa yana wanke dandamalin jirgi, yana jan igiya, har aka ba shi ƴan mutane yana yi musu tsawa. Ya dawo gida da wata hula mai jan tuntu, da tafiya ta ware ƙafafu, da labarai. Labaran ne suka ja masa. Ya ce ya ga ruwan da ba shi da gaɓa, aka ce to. Ya ce jirginsu ya fi kasuwar garin nan girma, aka ce madalla. Ranar da ya ce duk ruwan nan gishiri ne, sai wanzamin unguwarmu ya ajiye aska.

Wanzamin nan taubashin kawu ne, don haka yana da lasisin cin mutuncinsa har kabari.

"Kai, ji tsoron Allah," in ji shi. "In ruwan gishiri na nan shimhiɗe kyauta, mi as sa Buzaye ka wahal da raƙumansu cikin hamada? Hwaɗi gaskiya, albasa ka yi ta yanka wa Nasara a Dakar. Shi as sa idanunka ka ruwa har yau."

Daga nan maganar ta bi gari. Yara na ganin kawu su ware ƙafafu su bi bayansa. In wani ya shirga ƙarya a majalisa, sai a ce wannan ai ta teku ce. Kawu yana dariya tare da su, amma ni da nake kwana a zaurensa na san abin yana cinsa. Ba ya neman komai a wurin mutanen garin sai abu ɗaya: su yarda, ko sau ɗaya kafin ya mutu, cewa ƙuruciyar da ya ƙarar can ba mafarki ba ce. Da aka ce an ba shi jirgi, ya kasa cin tuwo don murna. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya ce da ni, "Ranar da jirgin ga yat taɓa ruwa, gani ya kori ji."

Aka zaɓo mu samari, dogaye dogaye, ba don mun san komai ba sai don kumandan ya ce dogo ya fi kyau a jere. Babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa shiga ruwan da ya wuce cibiyarsa. Ranar farko na ce, "Ina kwana, Kawu." Ya dube ni sama da ƙasa kamar bai taɓa ganina ba.

"Kawunka na gida. Nan Shef aka cewa. Kai kuma matalo kake, ba ka da suna."

Matalo, wato ƙaramin ma'aikacin jirgi. Haka ya kira mu duka, har wanda ke da mata da ɗiya biyu.

Aikin farko shi ne wanka. Ba namu ba, na jirgi. Kullum da safe mu jawo ruwa a rijiya mu wanke shi ciki da waje, mu goge, mu sake wankewa. Mata na tsaye da tulunansu suna kallon ƙarti na sheƙa wa ƙarfe ruwa, su ko na dafa hura ba su samu ba. Irin addu'ar da suka yi mana ba ta maimaituwa. Bayan wanka sai farautar tsatsa. Kowa da ƴar gudumarsa, muna bin jikin jirgin ƙwas, ƙwas, ƙwas, in ka ga ɗigon ja ko kamar ƙwayar gero ne ka kankare, ka shafa fenti. Kawu ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsatsa kuwa ba ta ma jiran tsagewar. In ya zo dubawa, da tafin hannu yake shafa ƙarfen. Ya taɓa samun kashin kaza a ƙarƙashin benci, wallahi ranar sai da muka gwammace kiɗa da karatu.

Da hantsi sai tuƙi. Masassaƙin turame ne ya yi mana filafilai, shi ma bai taɓa ganin filafili ba, don haka suka fito kamar muciyar gidan biki. Mu zauna a benci, kawu a tsaye a baya, ya ɗaga murya: "Ɗaya! Ja! Ɗaya! Ja!" Mu kuma mu yi ta sharar rairayi, har muka haƙa kwari biyu a gefen jirgin, inda kaji suka samu wurin birgima. In wani ya riga ɗan'uwansa ja, kawu ya tsai da kowa.

"Kai matalo, gonar ubanka kaka noma? A jirgi hannu guda aka da shi. Ku koma!"

Akwai mai gadi a gaba, aikinsa ya faɗi duk abin da ya gani don kada mu yi karo. Sai ka ji ya kwarara ihu, "Jaki a dama!" Kawu ya ce, "Karkata hagu!" Mu karkata, jaki ya wuce da kayansa lafiya. Akwai kuma darasin wanda ya faɗa ruwa. Ɗayanmu ya yi tsalle ya faɗi bisa rairayi yana wuntsila ƙafa, mu jefa masa igiya mu jawo shi cikin ƙarangiya. Kowa ya ƙi jinin wannan darasi in juyinsa ne na nutsewa. Iyo kuwa a kan turmi muka koye shi. A kifa turmi, ka kwanta da ciki, ka yi ta harbin iska kamar kwaɗo, ƴammata na leƙe ta bayan danga. Wata da nake nema a lokacin ta gan ni haka, maganar aure ba ta ƙara tashi ba.

In mun yi ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in faɗi gaskiya, kawu shugaba ne. Yana riga mu zuwa, yana bari mu riga shi tafiya. Bai taɓa sa mu abin da bai fara yi da hannunsa ba, har kwanciya kan turmin. Ƙullin igiyar da ya koya mini, da shi nake ɗaure akuyata har gobe, ba ta taɓa kwancewa ba.

Ba a jima ba muka zama abin nunawa. Duk babban baƙon da ya biyo hanya, kafin a ba shi ruwa sai kumandan ya kawo shi gindin gawo. Mu jeru, kawu ya ce "Gardabu!" mu ƙame, mu shiga jirgi mu tuƙa rairayi, mu ceci wanda ya nutse. Baƙo ya tafa. Wani babba daga Doso ya taɓa cewa bai ga jirgi mai tsabta kamar namu ba ko a bakin kogi. Kumandan ya kumbura, ya ƙara masa da cewa a duk faɗin ƙasar nan, namu ne kaɗai jirgin da bai taɓa yin haɗari ba. Baƙon ya jinjina kai. Babu wanda ya yi tambayar da ke bakin kowa.

Damina ta faɗi, tabki ya cika ya batse har ya yanke hanyar da mutanen Kiyeshe ke bi zuwa kasuwa, sai sun yi dogon zagaye da jakunansu. Kawu ya sa hularsa ya tafi biro, wato ofishin kumandan, neman izinin sa jirgi a ruwa. Kumandan ya karɓe shi da fara'a. Ya ce shi ba ya hanawa, amma gwamnatin ƴanci tana girmama al'ada, tabkin nan kuwa kowa ya san da mai shi, a fara jin ta bakin tsoho.

Gaskiya ne, tabkin da mai shi. Akwai doguwar da ke zaune cikinsa tun kafin a kafa garin, kuma akwai wani tsoho da ya gaji hulɗa da ita daga kakanninsa. Baƙon abu ba ya shiga ruwan sai da yawunsa. Kawu ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Tsoho ya saurara, ya daɗe yana murza taba, sannan ya ce shi ma ba ya hanawa, amma ƙarfen nan na gwamnati ne, in kumandan ya fara cewa a sa, ita ta san da wanda za ta yi magana in abin bai yi mata daɗi ba.

Ka ji manya. Kowannensu ya san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In jirgi ya nutse da ɗiyan mutane, kumandan na son a ce doguwa ce, tsoho na son a ce gwamnati ce. Kawu ya yi ta safa da marwa tsakanin biro da bukkar tsoho har gero ya nuna, ruwa ya janye, muka koma sharar rairayi. Damina ta biyu ma haka aka yi, sai dai wannan karon kumandan ya ƙara da zazzaɓi, tsoho kuma ya ce sai ya je Lugu ya ji shawarar manyan masu tsafi, ya tafi bai dawo ba sai da aka yi girbi.

Wanzami kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Duk wanda ya zauna aski sai ya ji cewa kawu ne da kansa ke roƙon a hana, don ya san ramin ƙarya ƙurarre ne.

A cikin wannan jiran ne na lura idon kawu ya fara tafiya. Farar yana ce ta hau masa duka biyun. Da fari ya daina gane mu sai mun yi magana, daga baya ya zamana sai na riƙe masa hannu ya hau jirgin. In ya hau kuwa, ya san kowane taku nasa, ba ya tuntuɓe. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Amma tausayinsa ya cika ni, da haushin garin nan baki ɗaya. Na san in damina ta uku ta wuce, ko an ba da izinin ba shi ne zai tsaya a bayan jirgin ba, kuma zai shiga kabari da sunan mai yankan albasa.

Damina ta uku ta zo, aka sake wasan nan na jeka-ka-dawo. Wanda ya warware ƙullin, ba za ka taɓa zato ba, wanzami ne. Ba don Allah ya yi ba, ya gaji da jiran ranar kunyar taubashinsa ne. Shi ke yi wa kumandan aski, shi ke yi wa tsoho. Yana riƙe da aska a maƙogwaron kumandan ya ce masa, ranka shi daɗe, ashe tsoho ya amince, gari duka na ta yabon haƙurinka. Washegari yana kankare kan tsoho ya ce masa, baba, ashe kumandan ya ba da umarni, ya ce nauyin na wuyansa. Kowannensu ya yi ajiyar zuciya ya ce ai dama shi bai taɓa hanawa ba. Sai dai kafin wannan dabara ta nuna, kaka ta kusa, ruwa ya fara ja da baya.

Ranar kasuwa aka sa, da hantsi. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, har mutanen Ɗan Kassari sun bar kayansu sun zo kallo. Kumandan ya sa aka ajiye masa kujera can nesa bisa tudu, tsoho ya zauna can wani tudun, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Wanzami na gaba gaba, bakinsa har kunne. Muka ciccibi jirgi muka kai bakin ruwa. Na kusa da ni yana karanta duk abin da ya sani, har da addu'ar shiga kasuwa.

A bakin tabkin ta wajenmu akwai rami mai zurfi, inda ake ɗibar ƙasar gini da rani. Muna tura jirgi ya hau kansa, sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinmu. Jirgi ya yi lilo dama, ya yi hagu, muka ƙanƙame benci, wani ya kira sunan uwarsa. Na waiwaya don in ga ko kawu ya faɗi.

Yana tsaye. Bai riƙe komai ba. Ƙafafun nan da yara ke kwaikwayo sun kafu, jirgi na rawa, shi kuwa daga ƙugu zuwa sama ko motsi. Tafiyar da muka yi shekaru muna yi wa dariya, ashe a nan take da gida. Fuskarsa ta koma ta wani mutum da ban sani ba, ya buɗe baki da wata murya da ta kai har tudun kumandan.

"Filafili a ruwa! Ɗaya! Ja!"

Hannayenmu suka yi abin da suka saba tun kafin tsoro ya ba su shawara. Muka ja tare, jirgi ya miƙe sak, ya tsaga ruwa. Wallahi ya tafi. Taron nan ya yi tsit, ba ka jin komai sai muryar kawu da ƙarar ruwa. Na ji hawaye na zubo mini, ban san na tsoro ba ne ko na murna.

Ba mu kai tsakiya ba na ji filafilina ya caki laka. Jirgi ya yi gurnani, ya ja ciki, ya tsaya cik. Ramin ya ƙare, sauran tabkin duk iya gwiwa ne. Ga wani ɗan maraƙi tsaye kusa da mu yana shan ruwa, ya ɗago yana kallonmu. Mai gadin gaba ya buɗe baki zai faɗi abin da ya gani, na harare shi ya haɗiye. Kawu bai ga maraƙin ba, bai ga komai ba, yana ta "Ɗaya! Ja!" mu kuma muna ta kwasar laka.

Na dubi gaɓa, na ga dariya ta taru a bakin mutane, jira kawai take wani ya fara. Kowa ya juya wajen wanzami, don wannan ranarsa ce, shi ya ƙulla abin. Wanzami bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon mutumin nan da ke tsaye a bayan jirgi. Sai ya sauke zabirarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe riga, ya ɗora yatsa a baki yana zare wa taron ido, ya shigo ruwa. Ya lallaɓo ta gefen ramin har ya iso bayanmu, ya sa kafaɗa. Maƙeri ya biyo shi, sai mahauta, sai masu jakunan Kiyeshe, sai matan nan na bakin rijiya da suka sha tsine mana, sun ɗaure zane a ƙugu. Jirgi ya motsa, ya fara jan ciki bisa laka.

Muka ci gaba da tuƙi kamar mu ke tafiyar da shi. Can kawu ya rage murya ya kira ni, ba da matalo ba, da sunan da uwata ke kirana. Na bar filafili na taka zuwa wurinsa.

"Ruwan iya ina?"

Na ce, "Ya sha kan mutum, Shef."

"Ƙarya kakai. Iya gwiwa ne, tahin ƙahwata na jin laka. Su wa ka turawa?"

Na ce, "Gari duka, Kawu."

Sannan ya ce, "Har shi?"

"Shi ya fara shiga."

Ya ɗaga hannu ya gyara hularsa, ya daɗe yana gyara ta, alhali ba ta karkace ba. Da ya sauke hannun sai ya juya baya, ya fuskanci mutanen da ba ya gani, ya daka musu tsawar da ta sa maraƙin nan ya zura da gudu.

"Wane irin turi ne wanga? Na hagu sun hi na dama ƙarhi, za ku kai mu cikin gonar mutane! Kai wanzami, ba kai kaka askewa ba, sa ƙarhi! Ku saurare ni, in na ce ɗaya ku kahe ƙahwa, in na ce tura ku tura. Ɗaya!"

Na ji ƙafafu sun kafu cikin laka gaba ɗaya, maza da mata, suna jiran ya ce tura.